Abakwa Tsakanin Hamada da Kogi: Daga Ina Ƙurarmu Take, Ina Ruwanmu Yake Zuwa?

 

Duk wanda ya taɓa yin sharar aji a watan Janairu ya san wahalarta. Za ka goge benci tas da safe, kafin a kaɗa ƙararrawar tara ƙura ta sake lulluɓe shi, har mutum ya iya rubuta sunansa da yatsa. Bayan wata bakwai kuma, a cikin ajin nan dai, ruwa zai riƙa dukan kwano har Malam ya ajiye alli ya jira, domin ko na bencin gaba ba ya jin abin da yake faɗa. In an tashi, sai mu tuɓe takalma mu riƙe a hannu, muna neman inda za mu tsallake kwata.

Aji ɗaya, unguwa ɗaya, amma kamar ƙasashe biyu. Mu 'yan Ƙungiyar 'Yan Jarida mun zauna da littattafan labarin ƙasa da taswira don mu gano dalili. Ga abin da muka samo, kuma a ƙarshensa akwai aikin da ke jiranmu kafin ruwan fari ya sauka.

INA MUKE A TASWIRA?

A takarda ana rubuta sunan unguwarmu Abakpa, a baki kuma Abakwa muke cewa. Tana cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, maƙwabtanta su ne Unguwar Shanu da Unguwar Kanawa da tsohon mazaunin Makarantar Horon Hafsoshin Soja, wadda aka kafa a 1964. Akwai masu sunanmu a wasu garuruwa, kamar Abakpa Nike ta Inugu.

Birnin Kaduna yana kan digiri 10 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma ya ɗara teku tudu da kimanin mita 600. In tsuntsu ya tashi daga nan ya miƙe kudu maso yamma, zai yi tafiyar kilomita wajen 600 kafin ya ga Tekun Atlantika. In kuma arewa ya nufa, zai wuce Zariya da Katsina da Maraɗi, itatuwa suna raguwa a ƙarƙashinsa, har ya kai yashin Agadas. Mu muna tsakani.

Ruwan sama ma haka yake raguwa. Legas tana samun fiye da milimita 1,500 a shekara. Kaduna tana samun wajen 1,200. Sakkwato ba ta cika wuce 700 ba, Agadas kuwa ba ta kai 200. A Bilma, garin gishiri, abin da ke sauka a shekara guda bai kai na hadari ɗaya mai kyau a Abakwa ba.

Ba a banza aka kafa gari a nan ba. Gbagyi ne suka daɗe suna noma wannan ƙasa. Da Turawan mulkin mallaka suka ga Zungeru ta yi musu zafi da sauro, sai Gwamna Lugga ya zaɓi inda layin dogo ya tsallake Kogin Kaduna, saboda ga ruwan sha, ga fili, ga iska mai dama. A 1917 hedikwatar Arewa ta dawo nan. Sunan garin ma daga kogin ya fito, wato jam'in kada, don yawan kadojin da ke cikinsa a wancan zamani.

ISKOKI BIYU MASU JAYAYYA

Abin da ke juya shekararmu iskoki ne guda biyu. Ta farko tana tasowa daga Hamadar Sahara, ta ɓullo mana ta arewa maso gabas. Busasshiya ce, domin ba ta ratsa wani babban ruwa a hanya ba. Ta biyu tana tasowa daga Tekun Atlantika, ta ɓullo ta kudu maso yamma, ɗauke da laima.

Inda suka yi karo akwai wata iyaka da ido ba ya gani. Wannan iyaka ba ta zama wuri ɗaya, rana take bi. A watan Janairu tana can kudu kusa da bakin teku, don haka iskar hamada ce ke riƙe da mu. Daga nan sai ta riƙa matsowa arewa sannu a hankali. Wajen watan Afrilu take ƙetare Kaduna, a watan Agusta ta kai har cikin Jamhuriyar Nijar, sannan ta juyo. A watan Oktoba ta sake wuce mu ta koma kudu.

Wannan tafiya da dawowa ita ce ta ba mu lokutan da kakanninmu suka raɗa wa suna tun kafin a zo da ma'aunin zafi: bazara, damina, kaka da hunturu. Shi ya sa kuma damina take riga sauka a Kafanchan kafin Kaduna, ta riga sauka a Kaduna kafin Katsina, in za ta ɗauke kuma ta fara ɗaukewa daga arewa. Wanda ya je hutu Daura a farkon Yuni ya bar ciyawa kore a gida, ya tarar ana jiran shuka, ya ga wannan da idonsa.

Ruwan farkon damina da na ƙarshenta su suka fi zuwa da faɗa, saboda a lokacin iskokin biyu suna kokawa a saman kanmu. Hadari yakan haɗo daga gabas da yamma liƙis, iska mai ƙarfi ta riga shi isowa, ta kwashe kwanon da ƙusarsa ta yi sanyi. A tsakiyar damina kuwa, lokacin marka, ruwa yakan wuni yana zuba a hankali ba tsawa ba iska.

ƘURAR DA KE KAN BENCINMU

Da yawanmu mun ɗauka ƙurar hunturu daga filin ƙwallo take tashi. Wata daga nan take, amma farin hazon nan mai laushi kamar garin alabo baƙo ne daga nesa. Mafi yawansa yana fitowa ne daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin ƙasar Chadi, fiye da kilomita 1,000 daga nan.

Dubban shekaru da suka wuce, Bodele ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farin laka da ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya iya gani. Kwarin yana kusa da wata kafa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi. In iska ta matso ta wannan kafa sai ta ƙara gudu, kamar yadda ruwa ke ƙara ƙarfi in ka danne bakin tiyo, ta yi sama da garin lakar. Cikin kwana ɗaya ko biyu ya iso arewacin Najeriya. Masana sun ce babu wani wuri guda a duniya da ya kai Bodele fitar da ƙura, kuma wata tana ƙetare teku har ta sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka.

To ka ga, ɗan uwa, in ka shafa benci a Janairu, ƙasan tsohon tafki ka shafa.

Ƙurar tana da amfani, domin tana ƙara wa gonaki taki. Sanyin lokacin kuma shi ne abin da tumatir da albasa da alkama suke so, shi ya sa kayan miya ke araha a kasuwa. Amma tana da illa. Leɓe ya tsage, kaushi ya fito, haɓo ya yawaita, masu asma su shiga wahala. Wani lokaci hazo yakan yi kauri har jirgin sama ya kasa sauka. Gobara ma ta fi yawa a wannan lokaci, saboda komai ya bushe, ga mutane suna kwana da garwashi a ɗaki.

Mafi haɗari shi ne sanƙarau. Busasshiyar iska tana raunana cikin hanci da maƙogwaro, ta buɗe wa ƙwayar cutar hanya, musamman daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, a ɗakunan da mutane suka yi yawa kuma taga take rufe. A annobar 1996 mutum fiye da 11,000 suka rasu a Najeriya, akasarinsu a Arewa. Don haka in wani ya kamu da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa kuma ya sanƙare, asibiti za a kai shi nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. In an zo allurar rigakafi kuma kada mu ɓuya a bayan aji.

KACICI-KACICIN AFRILU DA AGUSTA

Ga wani abin mamaki. Sau biyu a shekara rana take tsayawa daidai tsakar kanmu a Kaduna: wajen tsakiyar Afrilu da kuma wajen ƙarshen Agusta. Kowa zai iya gwadawa. A kafa sanda a miƙe a fili, a duba ta da misalin ƙarfe 12:30 na rana a waɗannan kwanaki, za a ga inuwarta ta kusa ɓacewa ƙarƙashinta.

Tunda haka ne, me ya sa a Afrilu zafi yakan haura digiri 35 har mu kasa barci a ɗaki, amma a Agusta da ƙyar yake kai 30, wasu ma har da rigar sanyi?

Dalili biyu ne. Na farko girgije. A Agusta gajimare yana tare hasken rana kafin ya iso ƙasa, a Afrilu kuwa sama tana buɗe. Na biyu laima. In rana ta bugi jiƙaƙƙiyar ƙasa da ganye, yawancin ƙarfinta yana ƙarewa ne wajen busar da ruwa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa. In kuwa ta bugi busasshiyar ƙasa da kwano da kwalta, babu abin da za ta busar, sai ta gasa su, su kuma su gasa mu.

A riƙe wannan bayani da kyau. Shi ne dalilin da ya sa gindin mangwaro ya fi rumfar kwano sanyi, alhali duka biyun inuwa ce. Itace yana jawo ruwa daga ƙasa yana fitarwa ta ganye, rumfa kuwa ba ta yi. Unguwar da ta sare itatuwanta ta shafe ko'ina da siminti ta ƙara wa kanta bazara da hannunta.

INA RUWANMU YAKE ZUWA?

Bari mu yi ɗan lissafi. Milimita ɗaya ta ruwan sama daidai take da lita ɗaya a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Rufin gida mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, a shekarar da aka samu milimita 1,200, zai karɓi lita 120,000. In aka zuba a jarka mai lita 25, jarka 4,800 ke nan. In kurar mai ruwa tana ɗaukar jarka 12, ya zama kura 400 daga rufi ɗaya tak. Amma gidan nan ne dai za ka ga yaransa suna yawo da bokiti a watan Maris.

Ina ruwan ya tafi? A ƙarƙashin jar ƙasarmu da marmara akwai dutse mai tauri, irin wanda ya fito fili a Kufena ta Zariya da duwatsun Kajuru. Wannan dutse ba ya shan ruwa. Ruwa yana samun wurin zama ne kawai a cikin ƙasar da ke samansa da kuma inda ya tsattsage. Rijiyoyinmu da burtsatse daga nan suke sha. Ma'ajiyar ba ta da girma, kuma ruwan damina ne kaɗai ke cika ta. In ƙasa tana buɗe, ruwa ya nutse ya cika ta. In an rufe ta da siminti, sai ya bi kwata ya wuce, rijiya ta ƙafe da wuri.

Wanda ya wuce kuma ba ɓacewa yake yi ba. Daga kwata ya faɗa lambatu, daga lambatu ya faɗa rafi, daga rafi sai Kogin Kaduna. Kogin ya taso ne daga tsaunukan Jos, tsawonsa kimanin kilomita 550. Bayan ya raba garinmu biyu, yana gangarawa madatsar Shiroro a Jihar Neja, inda ake samar da wutar lantarki tun 1990, ya wuce Zungeru, ya haɗu da Kogin Kwara a ƙasar Nupe. Daga cikinsa ne kuma matatar ruwa ta Malali take ɗibar abin da ake turowa famfo.

Idan ruwan unguwanni da yawa ya isa kogi a lokaci guda, ga kuma wanda ya taho daga sama, sai kogi ya cika ya tumbatsa. Iyayenmu suna tuna ambaliyar 2003, wadda ta raba dubban mutane da gidajensu a wannan gari. An sake gani a 2012. Wuraren da ke bakin kogi, irin su titin Kigo da Kabala da sassan Unguwar Rimi da Nasarawa, su suka fi ɗanɗanawa.

Mu a Abakwa muna nesa da gaɓar kogi, amma muna da irin tamu ambaliyar. Ledar ruwa da robar lemo da muke jefarwa duk rani suna taruwa a bakin kwalbati. Ranar da ruwan fari ya zo da ƙarfi, sai ya tarar da hanya a toshe, ya hau titi, ya shiga zaure da shago, ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zube. Abin da ya samu ya wuce kuma yana tafiya ne gidajen 'yan uwanmu na gangare. Ragowar da ya kwanta ya zama gidan sauro, shi ya sa zazzaɓi ke rage mana yawan 'yan aji a ƙarshen damina.

SUNAYEN UNGUWANNI LITTAFI NE

Wanda yake son sanin yadda ƙasar nan take kafin gine-gine, ya saurari sunayen unguwanni. Tudun Wada da Tudun Nupawa suna gaya maka tudu ne. Rafin Guza yana gaya maka akwai rafi. Hayin Banki yana nufin sai an haye wani abu kafin a kai. Kurmin Mashi yana tuna mana da duhuwar itatuwa a bakin ruwa. Kawo da rimi kuwa sunayen manyan itatuwa ne.

Yanzu a tambayi kai: a cikinmu mutum nawa ne zai iya nuna itacen kawo in ya gan shi? Ina kurmin da ke Kurmin Mashi? Sunan ya rage, abin ya tafi. Waɗanda suka fara zama sun san inda ruwa yake bi, suka gina a tudu suka bar masa fadama. Da gari ya cika, aka shiga fadamar da bulo. Ruwa kuwa ba ya mance hanyarsa ko bayan shekara hamsin.

SHIN HAMADA ZA TA ISO MU?

Wannan tambaya ta jawo musu a taronmu. Amsar ita ce, hamada ba ta tafiya kamar rundunar yaƙi. Ƙasa tana lalacewa ne a duk inda aka sare itace ba a dasa ba, aka bar iska da ruwa suna kwashe ta. A farin 1973 da na 1984 an yi asarar dabbobi da amfanin gona mai yawa a Nijar da arewacin Najeriya, mutane da dama suka yi ƙaura zuwa birane irin namu. Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ragu ƙwarai tun daga lokacin.

A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato dashen itatuwa da gyaran ƙasa daga Senegal zuwa Jibuti. A Najeriya jihohi 11 ne na bakin daga, ciki har da Katsina da Kano da Zamfara da Bauci, waɗanda duk muke iyaka da su. Kaduna ba ta cikin jerin. Sai dai Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Buhunan gawayi da lodin itacen da ke shigowa garin nan kullum daga dazuzzukan jiharmu ake saro su.

Akwai kuma labari mai daɗi daga Maraɗi da Damagaram. Tun daga shekarun 1980 manoman can suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, suka riƙa yi masa aski suna kare shi daga awaki, musamman gawo. Ta wannan hanya aka dawo da itatuwa kimanin miliyan 200. Ruwan da suke samu bai kai rabin namu ba.

ABIN DA MUKA YANKE

Ba mu da iko a kan iskar Bodele, ba mu da iko a kan hadarin da ke tasowa daga gabas. Abin da ke hannunmu shi ne abin da za su tarar in sun iso. Ƙungiya ta tsayar da abu huɗu, kuma mun kai wa Shugaban Makaranta don neman izini.

Na ɗaya, ranar Asabar ta ƙarshen Maris za mu yashe kwatar da ke gaban makaranta har zuwa kwalbati. Kowa ya zo da shebur ko manjagara, da takalmi rufaffe. Abin da aka kwaso za a kai juji a ranar, domin in aka tara shi a gefe ruwa zai mayar da shi.

Na biyu, kowane aji zai dasa itace biyu a watan Yuni, lokacin da ƙasa ta jiƙu. Mun sha dasawa a baya suna mutuwa, saboda ana dasawa ne ranar biki, a ɗauki hoto, a watse. Wannan karo kowane itace zai samu kariya daga awaki da sunan ɗalibai biyu mazauna kusa, waɗanda za su ba shi ruwa daga Nuwamba har zuwa Afrilu, har da lokacin hutu.

Na uku, za mu kafa ma'aunin ruwan sama a fili, da gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula. Kowace safiya za a auna a rubuta, kuma za mu riƙa liƙa jimlar wata a wannan allo, don mu ga ko lissafin littafi ya yi daidai da na unguwarmu.

Na huɗu roƙo ne ga manyan ɗalibai. In an tashi ana ruwa, ku riƙe hannun ƙannenku na ƙananan azuzuwa. Kada kowa ya tsallake kwata mai gudu, ko da ya ga ruwan bai wuce gwiwa ba, domin ba a ganin ramin da ke ƙasa kuma ƙarfinsa ya isa ya kayar da babba. A fake a jira. Gara a yi lattin zuwa gida a sha faɗa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai son shiga aikin kwata ko na dashe ya ba da sunansa ga wakilin ƙungiya na ajinsu kafin ranar Juma'a. Mai tambaya ko gyara kuma ya jefa takarda a akwatin da ke ƙarƙashin allo, za mu amsa a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrin ruwa da iska.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta